Ciniki Da Sunan 'Yan Mazan Jiya: Tallar Kirsimeti A Ingila

Ran 11 ga Nuwamba 2014, da ƙarfe 11 na safe, mutanen Ingila suka yi shiru na minti biyu, kamar yadda su kan yi kowace shekara, don tunawa da sojansu da suka mutu a yaƙi. Shekarar kuwa ita ce cikon shekara 100 da fara Yaƙin Duniya na Farko, saboda haka taron ya fi na kullum girma. A gindin tsohuwar ganuwar nan ta Tower da ke Landan an dasa jajayen furanni na tangaran guda 888,246, kowane fure a madadin soja ɗaya na Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta wanda ya tafi yaƙin bai komo ba. Kashegari, ran 12 ga wata, tun ba a gama tsige furannin ba, sai wani babban kamfanin kantuna mai suna Sainsbury's ya fito da tallarsa ta Kirsimeti a talabijin. Abin da aka yi tallar da shi kuwa, sojan nan ne da aka yi wa shiru jiya.

Nan da nan gardama ta tashi. Waɗansu suka ce ba su taɓa ganin tallar da ta girmama soja kamar wannan ba. Waɗansu kuma suka ce an mai da maƙabarta rumfar kasuwa. Mun ga ya kamata mu baje maganar a gaban masu karatu, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis, domin tambayar da ke ciki ta wuce Ingila. Shin ɗan kasuwa yana da iko ya ari sunan matattu don ya jawo masu saye? A ganinmu ba shi da shi, ko da ya yi aikin da kyau, ko da kuma ya fid da sadaka daga cikin ribar. Amma ba a yanke shari'a sai an ji ta bakin kowa, don haka bari mu bi maganar daki daki.

ABIN DA MAJIGIN YA NUNA

Sai a sani cewa watan Disamba shi ne kakar 'yan kasuwar Ingila, kamar yadda goman ƙarshe na azumi ta ke ga maɗinka da masu sayar da yadi a wurinmu. Manyan kantuna su kan yi gasa, kowanne ya kashe dukiya mai yawa ya shirya ɗan gajeren majigi wanda ba ya ko faɗin kuɗin kaya, sai dai ya ba da labari mai sa idanu su kawo ruwa. Dabarar ita ce, in zuciyar mutum ta yi laushi, sa'an nan ya ga sunan kanti a ƙarshe, to, sunan zai zauna masa tare da laushin, ran da ya ɗauki jakar cefane kuwa ƙafarsa ta san inda za ta nufa. Kamfanin John Lewis shi ya yi fice a wannan fage, a 2014 nasa labarin wani yaro ne da tsuntsunsa na ƙasar ƙanƙara. Sainsbury's, wanda aka kafa a Landan tun 1869, sai ya zaɓi labarin da ya fi wannan nauyi ƙwarai.

Majigin minti uku ne da ɗoriya. An nuna daren jajiberin Kirsimeti na 1914, soja suna takure cikin ramukan yaƙi ana ɗari. Wani saurayi Ba'ingile da aka sa wa suna Jim ya sami saƙo daga gida, hoton yarinya da ƙunshin cakulan cikin shuɗiyar takarda. Can sai aka ji Jamusawa suna rera waƙar Kirsimeti daga nasu ramin, Ingilishi suka amsa da harshensu. Da gari ya waye Jim ya fito hannuwa a sama, aka ɗana bindigogi, sai wani saurayi Bajamushe mai suna Otto ya yi ihu a dakata. Aka fito aka gaisa, aka nuna wa juna hotuna, aka buga tamaula. Da aka ji ƙarar igwa daga nesa kowa ya koma raminsa. Otto ya sa hannu cikin aljihun kwat ɗin da Jim ya ba shi sai ya ji cakulan, Jim kuma ya buɗe gwangwaninsa ya tarar da biskit. Sai rubutu ya fito yana cewa Kirsimeti lokacin raba abin hannu ne, ga sunan kanti a ƙasa, ga kuma sunan Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Ingila, wadda a ke kira Royal British Legion. Irin cakulan ɗin nan kuwa, da shuɗiyar takardarsa, an jera shi a kantunan kamfanin a kan fam 1.

Jim da Otto ƙagaggu ne, amma tsagaita wutar ta auku. Sai dai yadda ta auku ya bambanta da yadda aka nuna ta.

ABIN DA YA AUKU A 1914

Yaƙin ya fara a ƙarshen Yuli 1914. Kafin ƙarshen shekara rundunonin sun cije, kowa ya haƙa rami ya shige, tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan. A waɗansu wurare tsakanin ramin Ingilishi da na Jamusawa bai fi jifa biyu ba, har suna jin tarin juna. Ran 5 ga Disamba Janar Smith-Dorrien, shugaban wata babbar rundunar Ingila, ya aika da oda yana hana sojansa sabawa da abokan gaba, domin ya lura zaman kusa yana sanyaya zuciya. Ran 7 ga wata Paparoma Benedict na 15 ya roƙi gwamnatoci su ajiye makamai albarkacin Kirsimeti, ba su karɓa ba. Ran 16 jiragen ruwan Jamus suka yi ruwan harsashi a kan garuruwan Scarborough da Hartlepool da Whitby a Ingila, mutum fiye da 100 suka mutu, galibinsu farar hula ne. Ran 18 da 19 kuma Ingilishi suka kai hare-hare a kudancin garin Ypres, aka kore su, gawawwakinsu suka zube a filin da ke tsakanin ramuka, ba mai iya ɗauko su.

Waɗannan gawawwaki su ne uwar maganar. A wurare da yawa dalilin da ya sa hafsoshi suka yarda aka fito shi ne a binne matattu, waɗanda suka yi kwana shida ko fiye a fili kowa yana kallonsu. Kusa da ƙauyen Fleurbaix wani limamin Kirista na sojan Sikotlan, mai suna Esslemont Adams, ya shirya da Jamusawa aka tattara gawa wajen 100, aka karanta Zabura ta 23 da Turanci da Jamusanci, Ingilishi a jere gefe guda, Jamusawa a ɗaya gefen, kowa ya tuɓe hula. Bayan wannan ne aka yi musayar taba da maɓallan riga da abinci. An ƙiyasta soja wajen 100,000 suka shiga wannan tsagaitawa. Amma ba ko'ina aka yi ta ba. A waɗansu wurare an yi ta harbi ranar Kirsimetin kanta, an kuma kashe mutane. A wajen Faransawa da mutanen Beljiyam abin bai yaɗu kamar haka ba, da ya ke ƙasarsu aka mamaye. Mutumin garin Dinant, inda sojan Jamus suka kashe farar hula 674 cikin Agusta na shekarar, ba shi da zuciyar yin wasa da su a Disamba.

Maganar tamaula kuwa, wadda ita ce ƙawar majigin, masana tarihi sun daɗe suna gardama a kanta. Akwai wasiƙu da littattafan tunawa na waɗansu soja, musamman na mutanen Saxony daga cikin Jamusawa, da suka ambaci an harba ƙwallo a wuri ɗaya ko biyu. Amma babban wasa tsararre tsakanin runduna da runduna, irin wanda mutane su ke zato, shaidarsa ba ta da ƙarfi.

Sa'an nan kuma sai abin da ya biyo baya. Manyan hafsoshi suka fusata, aka tsananta oda. Cikin Afrilu 1915, a wannan yanki na Ypres, Jamusawa suka saki iskar guba, daga baya Ingilishi su ma suka yi amfani da ita. Da Kirsimetin 1915 ta zo, wani Kyaftin na sojan Scots Guards, Sir Iain Colquhoun, ya yarda aka ɗan tsagaita don a kwashe gawa, sai aka gurfanar da shi gaban kotun soja. Ran 1 ga Yuli 1916, a bakin kogin Somme, sojan Ingila 19,240 suka mutu cikin wuni guda. Kafin a gama yaƙin cikin Nuwamba 1918 soja fiye da miliyan 9 sun halaka a duniya.

HUJJAR MASU KANTI

Adalci ya wajaba mu kawo hujjar ɗaya ɓangaren da ƙarfinta. Na fari, kamfanin bai yi gaban kansa ba. Ya yi aikin tare da Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya, wadda aka kafa tun 1921 don kula da tsofaffin soja da matan da aka bari da marayu, kuma a lokacin sun yi shekara 20 suna hulɗa. Na biyu, ribar cakulan ɗin, watau rabin fam a kan kowane ƙunshi, ta tafi asusun ƙungiyar, kuɗin kuwa ya shiga hannun mabukata na gaske. Na uku, an kira masana aka tsara tufafin soja da makamansu daidai da na zamanin. Na huɗu, miliyoyin mutane sun kalli majigin a talabijin da intanet, cikinsu har da yaran da ba su taɓa buɗe littafin tarihi ba, suka ji labarin da ba su sani ba. Bayan haka majigin ya nuna Bajamushe mutum ne mai tausayi kamar kowa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga al'ummar da ta yi yaƙi biyu da Jamus.

Hukumar da ke kula da tallace-tallace a Ingila ta karɓi ƙorafi fiye da 800 a kan majigin, ta duba, ta ce ba ta ga an karya ƙa'ida ba. Mu ma ba mu ce an karya ba. Amma akwai abubuwa da yawa da doka ba ta hana ba, waɗanda mutumin kirki ba ya yi saboda kunya, a wannan fage kuwa maganarmu ta ke.

ABIN DA AKA YANKE

Mai ba da labari dole ya zaɓa, ba wanda zai zuba yaƙin shekara huɗu cikin minti uku. Abin dubawa shi ne, da wane ma'auni aka yi zaɓen? Malamin tarihi ya kan zaɓi abin da zai sa yaro ya fahimta. Mai talla ya kan zaɓi abin da zai sa mutum ya saya. In ma'aunan nan biyu suka saɓa, kuɗin wanda ya biya shi ke yanke hukunci. A majigin ba jini, ba rauni, ba ƙwarƙwata, ba ɓerayen da ke cin gawa. Taɓon da soja suka yi makonni suna tsaye cikinsa har ƙafafunsu suka ruɓe, an lulluɓe shi da farar ƙanƙara mai ban sha'awa. Haƙa kabari, wanda shi ne babban aikin ranar a wurare da yawa, bai zama kan labari ba, tamaula ce ta zama. An kyautata maɓallin riga da ɗamarar bindiga ƙwarai, amma an ɗauke abin da ya fito da mutanen daga rami. Dalili kuwa a bayyane ya ke: wanda ya ga gawa ba ya sha'awar cakulan.

Akwai kuma wurin da aka tsai da labarin. An tsaya a kan murmushin Otto. Da an ƙara minti ɗaya, da an ga an ba samarin nan biyu oda su harbi juna, sun kuma bi odar. Ainihin darasin Kirsimetin 1914 mai ɗaci ne. Talakawa ne da ba su da wata gaba tsakaninsu, suka gane haka da idonsu na kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan aka mai da su rami suka ci gaba da kashe juna har kusan shekara huɗu. Wanda ya ji wannan zai fita yana tambaya, wa ya aike su, don me kuma? Wanda ya kalli majigin zai fita da zuciya mai sanyi, yana ganin ai ko yaƙi ma yana da daɗinsa in an yi zumunci. Kowane ɓangare na majigin ana iya kare shi da shaida ko da uzuri, amma jimillarsa tana koya wa yaro abin da ba haka ya ke ba. Irin wannan ya fi ƙarya tsagwaronta wuyar gyara, domin ƙarya a kan kama ta, wannan kuwa sai ta zauna a zuciya da sunan tarihi.

WA YA BA DA IZINI?

Alfred Anderson, wanda a ke ɗauka shi ne na ƙarshe cikin sojan Ingila da suka ga wannan Kirsimeti a fagen yaƙi, ya rasu cikin 2005 yana da shekara 109. Harry Patch, na ƙarshe cikin waɗanda suka zauna ramukan, ya rasu cikin 2009 yana da 111. Watau sa'ad da aka yi majigin ba sauran mutum ɗaya da zai miƙe ya ce, ba haka aka yi ba, ko kuwa ya ce, ban yarda a sayar da kaya da sunan abokaina ba.

Za a ce ai ƙungiya ta yarda a madadinsu. To, ƙungiya wakiliya ce, abin da ke hannun wakili kuwa amana ne. Mai riƙon dukiyar marayu yana da iko ya juya ta don amfaninsu, amma akwai abin da ba ya sayarwa ko an taya da tsada, kamar gidan gado da sunan uba. Muna ganin martabar matattu tana cikin wannan jeri. Sa'an nan ko mun yarda ƙungiyar tana magana da bakin Jim, wa ya naɗa ta wakiliyar Otto? Rabin mutanen da ke filin nan Jamusawa ne, su ma 'ya'yan wasu ne, kaburburansu suna nan a Beljiyam da Faransa, an kuwa sa su cikin tallar kantin Ingila ba mai magana dominsu.

SADAKA DA CINIKI

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi, don haka ita ta fi bukatar a duba. A ranar da majigin ya fito, watau ran 12 ga Nuwamba 2014, kamfanin ya ba da sanarwar ya yi hasarar fam miliyan 290 cikin rabin shekara. Masu saye suna guduwa zuwa kantunan Aldi da Lidl masu araha, waɗanda kuwa, abin mamaki, dukansu kamfanonin Jamusawa ne. Ba mu ce shugabannin Sainsbury's ba su da tausayin tsofaffin soja ba, zuciya Allah kaɗai ya san ta. Amma kamfani ba ya kashe kuɗin talla don ya koya wa jama'a tarihi, masu hannun jari ba za su yarda ba. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Rabin fam na cakulan ya tafi ga ƙungiya, amma mutumin da ya shiga kanti don cakulan ya fito da cefanen Kirsimeti duka, wannan ribar kuwa ta kamfani ce.

Mu auna da abin da muka sani. In an yi rasuwa a unguwa, attajiri ya aiko da buhun shinkafa gidan makoki, kowa ya kan sa masa albarka. In kuwa ya biyo buhun da allon kantinsa ya rataya a ƙofar gida inda a ke karɓar gaisuwa, ya sa yaronsa yana nuna wa masu ta'aziyya hanyar kantin, to, ba alƙalin da zai ɗaure shi, shinkafar kuma za a ci ta, amma dattawan unguwa sun gama saninsa. Shinkafar ta tashi daga sadaka ta koma kuɗin hayar wuri. Mun sani ko a addinin Musulunci ko a na Kirista an yi gargaɗi a kan mai bayarwa don a gani.

Wani zai ce ai furannin tangaran na Tower ma an sayar da su, kowanne fam 25, aka raba kuɗin ga ƙungiyoyin taimakon soja guda shida. Gaskiya ne. Bambancin shi ne, wanda ya sayi fure ya san abin da ya saya, tunawa ce, a nan kuma cinikin ya ƙare. Ba a yi amfani da hawayensa aka ja shi zuwa wajen naman talotalo da lemo ba.

KIRSIMETI A DUTSEN MORA

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar Turawa ce can tsakaninsu. Wannan yaƙin da mu aka yi shi. Cikin Agusta 1914 sojan Rundunar Nijeriya suka tashi daga Maiduguri ƙarƙashin Kyaftin Fox suka shiga Kamaru, wadda ke hannun Jamus a lokacin. Kyaftin von Raben na Jamus ya hau dutsen Mora da sojansa, kusan dukansu baƙar fata, aka kewaye shi, bai sauko ba sai cikin Fabrairu 1916. A can ma an tsagaita wuta a Kirsimetin 1914. An ɗaga farar tuta, Kyaftin Fox ya aika da kyautar barguna da taba kan dutse, aka bar harbi ranar jajiberi da ranar bikin. Littattafai sun riƙe sunayen hafsoshin nan biyu. Waɗanda suka riƙe bindiga a gindin dutsen da bisansa, Hausawa da Barebari da sauran kabilu, da 'yan alaron da suka ɗauki kaya a ka, a Kamaru da kuma Afirka ta Gabas daga baya, galibinsu ba a rubuta su ba.

Cikin Afrilu 2021 Hukumar Kaburburan Yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fid da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, galibinsu 'yan Afirka, waɗanda suka mutu suna yi wa Ingila aiki a yaƙin, ba a rubuta sunayensu a kan dutse ba, waɗansu ma ba a yi musu wata alama ba sam. Ministan Tsaro na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Mun kawo wannan ne don a ga abin da ke faruwa in aka bar tunawa tana zaɓen matattu. Da can hukuma ta zaɓa bisa launin fata. Talla kuwa tana zaɓa bisa abin da ke sayuwa, watau saurayi kyakkyawa mai hoton budurwa a aljihu. Ɗan alaron da atuni ya kashe a dajin Tanganyika ba zai taɓa shiga majigin Kirsimeti ba. In yara suka koyi tarihin yaƙi daga bakin masu kanti, kakanninmu za su sake ɓacewa karo na biyu.

INA IYAKA?

Akwai ƙasar da ta shata iyakar da doka. A Ostiraliya, tun 1921, an hana yin amfani da kalmar Anzac, sunan rundunarsu ta Yaƙin Farko, cikin ciniki sai da izinin minista. Cikin Afrilu 2015, ana shirin cika shekara 100 da yaƙin Gallipoli, kamfanin kantuna na Woolworths ya fito da hotunan soja ɗauke da tambarinsa da wani kirari mai kama da na tallar kayan miyarsa. Jama'a suka yi caa, minista ya sa baki, aka janye nan da nan. Amma mun ga doka ba ta isa ita kaɗai ba, gama majigin Ingila ya bi ta ƙofar doka ya wuce lafiya.

A Nijeriya ranar tunawa da soja ita ce 15 ga Janairu, ranar da aka gama yaƙin basasa cikin 1970, mako uku ke nan bayan Kirsimeti. A kan sayar da tambarin tunawa don taimakon iyalansu, kamfanoni kuma sun saba sayen shafi a jarida don gaisuwar Salla da Kirsimeti. Matattunmu kuma ba duk na shekara 100 ba ne. Akwai matan da mazansu suka faɗi a arewa maso gabas cikin 'yan shekarun nan, 'ya'yansu suna zaune a ajinmu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ran da wani kamfani zai zo ofis da takarda yana neman izinin sa hoton soja a tallarsa, da alkawarin zai ba da wani abu ga marayu, muna roƙon wanda takardar ta faɗo teburinsa ya yi masa tambaya biyu. In an cire sunanku daga ƙarshe, za ku biya kuɗin aikin? Sa'an nan, za ku iya nuna shi a gaban matar mamacin ba ku sunkuyar da kai ba? In sun amsa duka biyu da gaskiya, a karɓi gudummawarsu a gode musu a bainar jama'a, wannan hakkinsu ne. In kuwa suka yi inda-inda a ta fari, to, wurin kafa rumfa su ke nema, sai a nuna musu hanyar kasuwa.

Malaman makaranta kuma ba mu ce su ɓoye wa yara majigin ba. A nuna musu shi, gama yana da kyau, yara kuma za su gan shi ko ba mu. Amma in ya ƙare kada a sallame su. A tambaye su, su wa ke kwance a filin kafin a fara wasa? Me aka yi ran 27 ga Disamba? Wa ya biya kuɗin majigin, me kuma ya ke so a wurinmu? A gaya musu labarin Fleurbaix da na Somme, a gaya musu na dutsen Mora, a sa su tambayi tsofaffin gidansu ko akwai kakan da ya tafi Kamaru ko Bama bai komo ba, su rubuto sunansa a kawo aji.

Allah ya ba iyalan waɗanda suka faɗi haƙuri, ya kuma kiyashe mu da ganin irin wannan yaƙi, amin.